Tsufa da Ciwon Daji: A Auna Ƙarfin Jiki Kafin a Ƙirga Shekaru

A shekarar 1954, wasu masana biyu a Ingila, Peter Armitage da Richard Doll, sun baje alƙaluman mace-macen ciwon daji a gabansu domin su gano yadda cutar ke ƙaruwa da shekaru. Sun tarar haɗarin ba ya hawa sannu-sannu kamar mai taka matakala. A yawancin nau'o'in cutar da suka duba, idan shekarun mutum suka ninka sau biyu, haɗarin kan ninka sau talatin ko fiye. Daga wannan lissafi suka yi hasashen cewa sai ƙwayar halitta ta gamu da lalacewa shida ko bakwai, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta rikiɗe ta zama cuta, kuma tara su yana cin shekaru masu yawa.

Shekara saba'in bayan haka, alƙaluma na nan kan bakansu. A Amurka, rabin waɗanda ake samu da ciwon daji sun haura shekara 65. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin masu cutar miliyan 20 a shekarar 2022, ta kuma yi hasashen za su kai miliyan 35 a 2050. Ƙaruwar jama'a da yawan tsofaffi su ne kan gaba cikin dalilan wannan hauhawa.

Daga nan ne ake zamewa zuwa wani kuskure mai tsada. Tunda tsufa ne babban sanadi, sai a ɗauka yawan shekaru ya isa ya faɗi abin da za a yi wa majinyaci. Binciken 'yan shekarun nan ya ƙaryata hakan. Shekaru na bayyana haɗarin da ke kan jama'a a dunƙule, amma ba sa bayyana halin da jikin mutum guda yake ciki. Don haka ya kamata a kai ƙarfin rigakafi zuwa ƙuruciya, a kuma gina shawarar magani a kan ƙarfin jikin dattijo.

Kurakuran mai kwafi

Jikin ɗan Adam ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da rubutun gado, wato DNA, mai haruffa wajen biliyan uku. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf. Wanda ya san aikin masu kwafar littattafai da hannu ya san cewa komai ƙwarewar marubuci, alƙalami kan yi tuntuɓe, kuma wanda ya kwafa daga kwafinsa zai gaji kuskuren ya ƙara nasa. Hayaƙin taba, zafin rana da wasu guba suna ƙara yawan kurakuran, amma ko babu su lokaci kaɗai na tara su.

A 2022, masana a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij suka auna saurin taruwar waɗannan kurakurai a hanjin dabbobi masu shayarwa iri 16. Ƙwayar hanjin ɓera na tara kusan 800 a shekara, ta ɗan Adam kuwa ƙasa da 50. Ɓera na rayuwa 'yan shekaru, mutum na rayuwa gommai, amma a ƙarshen rayuwa jimillar kurakuran tana kusa da juna, wajen dubu uku a kowace ƙwaya.

Abin da ya fi girgiza masana ya fito ne daga wannan cibiya tun kafin nan. A 2015, Iñigo Martincorena da abokan aikinsa sun binciki fatar ido da aka yanke wa mutane masu lafiya, 'yan shekara 55 zuwa 73, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin na ɗauke da irin kurakuran da ake gani a ciwon daji. A 2018 suka duba hanyar abinci da ke tsakanin maƙogwaro da ciki, suka ga a wasu dattawa fiye da rabin ƙwayoyin wurin zuriyar ƙwayoyi ne masu irin wannan kuskure. A jini ma haka abin yake: wasu bincike biyu na 2014 sun nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka haura 70 yana da zuriyar ƙwayoyin jini masu kuskure da ta fara mamaye sauran. Duk da haka, mafi yawan waɗannan mutane ba za su taɓa kamuwa da sankarar jini ba.

Ashe ke nan irin cutar yana warwatse a jikin kusan kowane dattijo. Tambayar da ta rage ita ce, me ke sa ya tsiro a wani, ya kwanta a wani?

Iri da ƙasa

Manomin dawa ya san ƙuduji. Irinsa na iya kwana a ƙasa shekara da shekaru bai motsa ba, kuma ya fi yin ɓarna a gonar da ta gaji, wadda aka daɗe ana nomawa ba taki. Masanin ciwon daji James DeGregori na Jami'ar Colorado ya daɗe yana kare ra'ayi mai kama da wannan. A ganinsa, a jikin matashi lafiyayyun ƙwayoyi sun fi masu kuskure dacewa da muhallinsu, don haka suna danne su. Idan naman jiki ya tsufa, ko hayaƙi da kumburi suka lalata shi, sai muhallin ya sauya, mai kuskuren da a da ba ta da kataɓus ta samu fili.

An gano wasu daga cikin hanyoyin da gonar ke gajiya. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayar ɗan Adam na rabuwa kimanin sau hamsin ne ta tsaya. Wannan tsayawa kariya ce, domin ƙwayar da ta lalace ta daina haihuwa ba za ta zama ƙari ba. Sai dai Judith Campisi da ɗalibanta sun nuna cewa waɗannan tsayayyun ƙwayoyi ba sa yin shiru. Suna fitar da sinadaran kumburi da ke lalata maƙwabtansu, suna kuma iya ingiza ƙwayar da ta fara karkata. Abin da ya tsare mutum yana ɗan shekara 30 shi ne ke zame masa nauyi yana ɗan 75.

A 2016, Ashani Weeraratna ta nuna cewa sankarar fata iri ɗaya ta fi bazuwa, ta kuma fi bijire wa wani magani, idan tana zaune a tsakiyar ƙwayoyin fata na tsoho. Garkuwar jiki ma na raunana. Akwai wata 'yar kaluluwa a bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos, inda ake horar da wani rukunin sojojin garkuwa. Tana fara shanyewa tun ƙuruciya, har likitoci suka daɗe suna ganin ba ta da amfani ga babba. Wani bincike da aka wallafa a 2023 daga Boston ya tarar waɗanda aka cire musu ita yayin tiyata sun ninka takwarorinsu kamuwa da ciwon daji cikin shekara biyar.

Akwai kuma wani juyi. Bayan shekara 80 zuwa 85, adadin sabbin masu kamuwa da nau'o'i da dama kan daina hawa, har ya fara sauka. Wani ɓangare na wannan ya samo asali ne daga ƙarancin binciken da ake yi wa tsofaffi tukuf. Amma a ƙarshen 2024 masana a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York suka nuna cewa huhun tsofaffin ɓeraye ya fi na matasa wuyar tsiro da ƙari. Ƙwayoyin huhun nasu na yin kamar sun rasa sinadarin ƙarfe, sai ƙarfin sabunta kansu ya ragu, kuma ƙari ma da wannan ƙarfi yake girma. Tsufa na buɗe wa cutar wasu ƙofofi, yana rufe wasu, kuma ba ya tafiya da sauri ɗaya a jikin kowa.

Rigakafi na da lokacinsa

Idan cutar da ta bayyana a shekara 65 ta fara tara matakanta tun shekara 20 ko kafin nan, to mafi arhar rigakafin ciwon dajin tsofaffi ana yin sa ne a jikin yara. Jaririn da ya kamu da cutar hanta nau'in B a lokacin haihuwa, sau tara cikin goma zai rayu da ita har abada, alhali babban da ya kamu yakan warke fiye da sau tara cikin goma. Ita ce kuma ke kai wa ga sankarar hanta bayan gomman shekaru. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar rigakafinta a 1984, kuma sankarar hanta ta ragu a tsakanin waɗanda aka haifa bayan nan. Allurar farko ta fi amfani cikin sa'o'i 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a karkarar arewacin Najeriya da Nijar inda yawancin haihuwa a gida ake yi. Gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi tana ƙara wa wannan haɗari ƙarfi matuƙa.

Haka ƙwayar cutar HPV: takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta shigar da allurarta cikin jerin rigakafi a Oktoban 2023 domin 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14. Yarinyar da aka yi wa a yau, ana kare uwar gida ce ta shekarun 2050.

Wannan ba ya nufin dattijo ya makara. Shi dai Richard Doll ɗin ya bi diddigin likitocin Birtaniya shekara hamsin, kuma sakamakon 2004 ya nuna wanda ya bar taba yana ɗan 30 ya ceto kusan shekara 10 na rayuwarsa, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ya ceto 3. Shekara uku ba abin rainawa ba ne.

Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauka duk abin da ya amfani mai matsakaicin shekaru zai amfani tsoho. Nazarce-nazarce sun nuna shan asfirin na dogon lokaci na rage sankarar babban hanji. Sai aka gwada shi a kan mutum 19,114 a Ostireliya da Amurka, yawancinsu daga shekara 70 zuwa sama. Sakamakon 2018 ya zo da akasin abin da aka zata: kashi 3.1 cikin ɗari na masu shan asfirin sun mutu da ciwon daji, a kan kashi 2.3 na waɗanda ba su sha ba. Wannan darasi ya isa ya sanyaya gwiwar masu tallar magungunan hana tsufa. Magungunan da ke share tsayayyun ƙwayoyi sun yi abin mamaki a jikin ɓeraye, kuma ana gwada su a kan mutane, amma babu wanda aka tabbatar yana hana ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Gwajin gano cuta da wuri ma yana da ma'auni. Wani nazari na 2013 ya ƙiyasta cewa sai an yi kusan shekara goma kafin gwajin sankarar mama ko ta hanji ya ceto rai ɗaya cikin mutum dubu da aka gwada. Mace 'yar 76 mai ƙarfi na iya cin wannan riba. Namiji ɗan 68 da zuciyarsa da ƙodarsa suka gaza zai sha wahalar gwajin ne kawai.

Magani: kuskure ta fuska biyu

A 1999 aka wallafa wani nazari da ya tona wani giɓi a ilimin likitanci. A lokacin, kashi 63 cikin ɗari na masu ciwon daji a Amurka sun kai shekara 65, amma kashi 25 kacal ne na waɗanda aka gwada sabbin magunguna a kansu a gwaje-gwajen da aka duba suka kai wannan shekaru. An auna ƙarfin magani a jikin 'yan hamsin, ana ba wa 'yan saba'in da tamanin. Likita sai ya zaɓi ɗaya cikin zato biyu: ya ba da cikakken awo ya jira abin da zai faru, ko ya ce tsoho ne ya janye hannu.

Duka biyun na kisa. A 2009 wani gwaji a kan mata 633 masu sankarar mama, 'yan shekara 65 zuwa sama, ya kwatanta maganin kemo na ƙa'ida da wani mai sauƙi da ake haɗiya. Waɗanda aka sassauta wa sun fi samun dawowar cutar, sun kuma fi mutuwa. Tausayin da aka gina a kan shekaru kaɗai ya cutar da su.

Ta ɗaya fuskar kuma, a Birtaniya an gwada awo uku na kemo a kan raunanan majinyata 514 masu sankarar ciki da ta hanyar abinci wadda ta yi nisa. Waɗanda aka ba kashi 60 cikin ɗari na awon sun samu riƙe cutar daidai da waɗanda aka ba cikakke, da ƙarancin wahala. A wani gwajin kuma mai mata 1,326 'yan 65 zuwa sama, masu ƙaramin ƙarin mama marar zafin yaɗuwa, an bar yi wa rabi gashi bayan tiyata. Cikin shekara goma cutar ta dawo a maman kashi 9.5 cikin ɗari na waɗanda ba a gasa ba, a kan kashi 0.9 na waɗanda aka gasa, amma yawan waɗanda suka rayu bai bambanta ba. Wannan bayani ne da mace za ta iya ɗora a ma'auni ta zaɓa da kanta.

To da me za a bambance wanda zai jure da wanda ba zai jure ba? Amsar ba ta buƙatar na'ura. Ana kiranta auna lafiyar dattijo: a duba saurin tafiyarsa, a ga ko yana tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, a tambayi ko ya faɗi cikin wata shida, ko ya rame, ko yana mantuwa, magunguna nawa yake sha, wa ke kula da shi a gida. Supriya Mohile ta Jami'ar Rochester ta jagoranci gwajin wannan hanya a kan majinyata 718 'yan shekara 70 zuwa sama. Sakamakon 2021 ya nuna inda likita ya ga rahoton awon kafin ya tsara magani, mummunar illar magani ta sauka daga kashi 71 zuwa 51 cikin ɗari, faɗuwa ta ragu daga kashi 21 zuwa 12, kuma tsawon rai bai ragu ba. Da wani sabon magani ne ya yi wannan aiki, da an sayar da shi da tsadar gaske.

Inda abin ya shafi gida

Mai ja da wannan magana na da hujja. Waɗanda suka kai shekara 65 a Najeriya ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Daga cikin sabbin masu ciwon daji kusan 128,000 da aka ƙiyasta a ƙasar a 2022, da yawa mata ne masu ƙananan yara. Injunan gashi 'yan kaɗan ne, kuɗin magani kuwa daga aljihun iyali yake fita. A irin wannan hali, in ji shi, zancen dattawa zancen ƙasashen da suka ƙoshi ne.

Amsa ta farko ita ce, kashi 3 na mutum fiye da miliyan 200 miliyoyin mutane ne, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna tsofaffin Afirka kudu da Sahara za su ninka kusan sau uku zuwa 2050. Ta biyu, ƙarancin kuɗi ne ma ya sa awon ya zama dole. Iyalin da suka sayar da gona domin kemon da jikin mahaifinsu ba zai ɗauka ba sun yi asara biyu. Waɗanda kuma suka mayar da mahaifiyarsu mai ƙarfi gida saboda an ce tsufa ne, alhali tiyata za ta ba ta shekaru, sun yi asarar da ba ta da maye. Ta uku, dattawa da yawa a ƙasar Hausa ba su da takardar haihuwa. Ana ƙiyasta shekarunsu ne da samun 'yancin kai ko yaƙin basasa, wani lokaci ma'aikacin kati ya dubi fuska ya rubuta adadi. Gina shawarar rai da mutuwa a kan irin wannan adadi ganganci ne.

Gaskiya ne an tsara tambayoyin awon a Turai da Amurka, kuma sai an gyara su an gwada su a nan. Amma gyaran ba mai wuya ba ne. Ma'aikaciyar jinya na iya tambaya ko Baba na tashi daga tabarma da kansa, ko yana sallah a tsaye, ko har yanzu yana zuwa gona ko kasuwa, ko rigarsa ta yi masa yawa a bana. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012. Ya dace asibitocin koyarwa na arewa su sanya irin wannan takarda mai shafi guda a ɗakunan masu ciwon daji, su kuma riƙa tattara sakamakon, domin a samu alƙaluman gida.

Nauyi na farko dai yana kan 'ya'ya, musamman masu ilimin da ake kira a waya idan jiki ya motsa a gida. Rama marar dalili, jini a bayan gida ko a fitsari, jinin da ya dawo wa mace bayan ta daina al'ada, wahalar haɗiya, ƙullutu a mama, tarin da ya ƙi tafiya: babu ɗaya cikinsu da tsufa kaɗai ya isa ya bayyana, kowanne na buƙatar likita ya duba. Idan kuma an tabbatar da cutar, akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi kafin a biya kuɗin komai. Maganin nan don warkarwa ne ko don sassauci? An auna ƙarfin jikinsa kafin a zaɓi wannan awo? Shi kansa mai jikin, an tambaye shi abin da ya fi so ya samu daga sauran kwanakinsa? Ta ukun ce aka fi tsallakewa, domin al'ada ta saba a ɓoye wa dattijo sunan cutarsa don tausayi. Amma wanda ya shekara saba'in yana yanke shawarar gida ya cancanci a zauna a gabansa a yi masa bayani, a kuma saurari amsarsa.